Damina ta Uku

Dutse, 4 ga Maris, 2024

Zuwa ga Kakana Malam Muntaka, Taura.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali gaba ɗaya. Yaya zafi, yaya shirin azumi? Mu nan lafiya, sai Kaka Damaris da hawan jini yake ɗan taɓawa.

Na san ba ka san ni ba. Sunana Zinariya, 'yar Ishaya, jikar marigayi Habila na Unguwar Marke ta ƙasar Garki. Babana ya ce kai da Kaka Habila 'ya'yan wa da ƙane ne, a gida ɗaya kuka tashi kafin ka musulunta ka koma Taura. An ce mini kunnenka ba ya jin waya, shi ya sa na rubuto na ba Mu'az direba da ke bin hanyar Gujungu, ya ce ya san ƙofar gidanka.

Ni malamar firamare ce, amma na ɗan taɓa rubutu. Na rubuta littafin soyayyar Kaka Damaris da Kaka Habila a lokacin yaƙin basasa. Shi ya rasu ban zo duniya ba, a bakinta kaɗai na san shi. Tun ina ƙarama, in tana tsefe mini kai, take ba ni labarin "sojana". Yadda ta ba shi ƙullin daddawa ranar da zai tafi, ya ƙi ci, ya riƙa yawo da shi a aljihu har sojoji suka sa masa suna Kofur Daddawa. Da wasiƙu goma sha ɗaya da ya aiko mata, waɗanda ta haddace kamar ayoyi.

Za a ƙaddamar da littafin a cocinmu ranar Lahadi 26 ga Mayu, ranar da Kaka Habila ke cika shekara talatin da rasuwa, don dattijon ikkilisiya ne a zamaninsa. Da na ji kai ma ka yi soja, sai na ce ga wanda zai duba mini kurakurai: kakin soja, abinci, sunayen garuruwa. Ga rubutun nan a cikin leda. In ka ga shirme kada ka raga mini.

Taka jika,
Zinariya Ishaya

*

Taura, 17 ga Maris, 2024

Amaryata Zinariya,

Haka kaka ke kiran jika, ko bai taɓa ganinta ba. Na amsa gaisuwa. Lafiyata ƙalau in an cire gwiwa da kunne, su kuwa tsofaffin abokan gaba ne, mun saba.

Na karanta littafinki sau biyu. Karon farko na yi dariya har mai ɗakina ta leƙo ta ga ko lafiya. Karo na biyu ban yi ba. Kakin kin rubuta daidai, garuruwan ma daidai. Kuskurenki ɗaya ne, ya kuma cinye littafin duka. Habila bai taɓa wuce Kano ba. Mutumin da in tayar mota ta fashe sai an nemo shi a gindin rumbu, shi kika ɗora wa bindiga? Ni ne Kofur Daddawa. Sunana na coci Markus. Ina cikin azumi nake rubuta wannan, ba zan yi miki ƙarya ba.

Bari in gaya miki abin da ba a gaya miki ba. A garinmu a wancan zamani, in kana son yarinya, damina uku za ka yi wa ubanta noma, tun daga sharar gona har kai dami gida. In ka cika, mai bishara ya yi shela a coci Lahadi uku a jere: wane zai auri wance, mai magana ya miƙe ya faɗa. In ba wanda ya miƙe, an gama.

Na yi wa baban Damaris damina biyu. Gonar nan jigawa ce, ga tsidau, ga ƙarangiya, ni na mayar da ita gona. Ana shirin damina ta uku, a 1968, na shiga soja. Kafin in tafi na kama hannun Habila a gaban tsohon na ce ga wakilina, duk kunyar da ya huɗa tawa ce. Na bar masa garmata. Ashe kura na ba ajiyar nama. Ya yi noman, ya kai dami, sannan ya ce ai guminsa ne ya zuba. Tsohon kuwa ya ce shi hannun da ya gani a gona ya sani, ba takarda daga bakin daga ba.

Lahadi uku ana shela, ni ina kwance a rami kusa da Okigwe da daddawarta a aljihu. A can igwa ta kashe mini kunne. Na dawo a 1970, na sauka a tashar Garki da turmin atamfa a hannu, wani mai faci ya ce, "Af, ba ka ji ba? Ai har ta haihu." Na tambaye shi ko wani ya miƙe a coci, ya ce shi dai bai ji ba. Ban ƙarasa gida ba. Motar da ta kawo ni ita na koma, ban kuma sake taka garin ba, iyayena ma sun riga sun rasu. Musuluncina daga baya ya zo, ba kuma don haushi ba, wannan tsakanina da Allah ne. Amma haushin yana nan, ban ɓoye shi ba.

Habila ya ci amanata. Kakarki kuwa, da wasiƙuna a hannunta, ta san ina raye, ta zauna a benci Lahadi uku ba ta ce uffan ba. Na haɗiye wannan shekara hamsin da huɗu. Yanzu kuma yana cikin kabari zai karɓe mini yaƙina, da kunnena, da sunan da abokaina matattu suka sa mini? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan karon ba zan koma mota ba.

Ki cire sunansa ki sa nawa, shafi ɗaya kada ki bari. Ki ba ni amsa ta hannun Mu'az.

Kakanki,
Muntaka, tsohon soja

*

Dutse, 22 ga Maris, 2024

Kakana,

Ina gaisuwa, ina yi maka barka da shan ruwa. Allah ya sauƙaƙa gwiwar.

Wasiƙarka ta same ni a makaranta, na kasa koyar da darasin da ya rage. Da na koma gida na tsare Babana. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce ya san mahaifinsa bai yi soja ba, amma da ya ga labari ne kawai, kuma zai ɗaga sunan tsohon, sai ya ƙyale ni. Maganar noma da wakilci kuwa ya rantse bai taɓa ji ba. Ni kuma da na tuna, Kaka Damaris ba ta taɓa cewa "Habila" a labarinta ba. Kullum "sojana" take cewa. Ni na cike gurbin da kaina, kunya ta kama ni ƙwarai.

Ban gaya mata komai ba tukuna. Jikinta ya ɗan motsa a makon nan, likita ya ce a kiyaye mata abin da zai tayar da hankali. Rubutun kuma yana wurin masu bugawa, katin gayyata ya fita, zumuntar matan coci har sun fara koyon waƙar da za su yi a ranar. Babana ya ce in na taɓa sunan nan to in nemi wani uban.

Kakana, ni yarinya ce, akwai manya a gabana. Ka ba ni lokaci in lallaɓa, zan yi abin da ba zai kunyata gidanmu ba. Don Allah kada ka yi komai sai ka ji daga gare ni.

Taka,
Zinariya

*

Taura, 28 ga Afrilu, 2024

Zinariya,

Gaisuwa. Mun yi salla lafiya, ko da yake ba ki tambaya ba.

Mako biyar ke nan. Kowace Talata da Juma'a nakan ja gwiwata zuwa tasha, Mu'az ya hango ni ya buɗe hannu ya nuna mini ba komai. Har 'yan tasha sun fara tambayata ko budurwa na yi a Dutse. Shiru ma amsa ce, na kuma gane ta.

Na sake karanta takardarki. Kin ce za ki yi abin da ba zai kunyata gidanku ba. Ai na san gidan. Irin lallaɓawar nan ce aka yi mini a 1968: a yi shiru, a ja lokaci, kafin mai abu ya farga an gama. Kuna jiran 26 ga Mayu ta wuce, a tafa, a yi waƙa, sannan ki rubuto ki ce Kaka ka yi haƙuri, bakin alƙalami ya bushe. Jinin Habila ba ya ɓuya.

To ki sani ban zauna ba. Ranar Juma'a na ba Mu'az takarda, ba taki ba, ta faston cocinku da dattawansa. Shafi huɗu. Na tuna musu cewa a cocin da na tashi, in an yi shela mai magana yakan miƙe. A wancan lokaci ina rami ban samu miƙewa ba, yanzu na miƙe. Na rubuta musu wane ne dattijon da za su karrama. Na rubuta sunayen mutum biyu da ke raye a Unguwar Marke da suka ga na kama hannunsa. Kakarki ma ban bar ta ba. Na ce su tambaye ta, ita da take zama a bencin gaba da ɗankwalin zumunta, yaya mace za ta haddace wasiƙun wani tana shimfiɗa wa wani tabarma. Na kira ta maciyiya amana, don sunan da na sani ke nan.

Za ki ce na yi tsanani. An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ni kuwa so nake ta yi zafin. Tun da na miƙa takardar nan nake cin tuwo da daɗi. Ina so Ishaya ya shiga coci ya kasa ɗaga kai, ya ɗanɗana kaɗan daga abin da na ɗanɗana a tashar Garki da atamfa a hannu, mutane suna kallona.

Muntaka

*

Dutse, 19 ga Mayu, 2024

Malam Muntaka,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaida manya.

Kaka Damaris ta rasu ranar Alhamis, 9 ga wata. Mun binne ta a nan Dutse.

Ka ƙirga makonnin shiruna, bari in gaya maka inda nake. Kwana uku bayan wasiƙata ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya mutu. Mako huɗu muna asibiti, ni ke jinyarta, ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu a cokali. Ko makaranta ban leƙa ba, balle tasha. Da bakinta ya ɗan saki aka sallamo mu, na ga ta samu ƙarfi, sai na gaya mata kana raye, kana Taura. Ashe ita tana zaton ka yi nisa ko ka mutu. Na kuma je wurin masu bugawa na tsayar da aikin, Babana ya daina amsa gaisuwata a kan haka. Gidanmu da na ce, har da kai a ciki nake nufi. Na rubuta maka duk wannan, takardar tana jakata, ina jiran Talata.

Ranar Litinin dattawa huɗu suka zo da taka. A tsakar gida suka zauna, suka ce gaskiya ta fi, a karanta a gaban mai gida. Aka ba wanda ya fi kowa murya. Tagar ɗakin Kaka a buɗe take saboda zafi. Na taso in rufe, ta riƙe mini zane da hannun da ya rage mata. Ta ji shafi huɗun nan duka, har sunan da ka kira ta. Babana, mutum mai furfura, ya yi kuka a gaban baƙi. An fasa taron. Ka samu abin da kake so, sai ka ƙara tuwo.

Daga ranar ba ta ƙara karɓar kunu ba. Kwana goma ta yi. Ban ce kai ka kashe ta ba, rai na Allah ne. Amma ni na riƙe cokalin, na san ranar da ta rufe baki.

Ana gobe za ta rasu, da hantsi, ta sa na rufe ƙofa, ta ba ni saƙo in kai wa Markus. Ni kaɗai na ji. Fasto ya ce mana a wurin jana'iza ramuwa ta Ubangiji ce. Na ji shi, amma ban kai can ba tukuna. Ba zan faɗa maka saƙon ba. Ka ce jinin Habila ba ya ɓuya, to kai ma gidan nan ka fito, ka san yadda muke riƙe abu.

Zinariya Ishaya Habila

*

Taura, 24 ga Mayu, 2024

Jikata Zinariya,

Ina yi miki ta'aziyya, ke da Ishaya da dukan gida. Allah ya ba ku haƙuri. Ban san ko ta'aziyyata za ta karɓu ba, amma ga ta.

A tasha na buɗe takardarki, don ban iya jira in kai gida ba. Sai da Mu'az ya kashe motarsa ya rako ni gida.

Ba zan kare kaina ba. Habila na nufa, shi kuwa yana inda takarda ba ta kaiwa. Na harba, ya sami wadda ke kwance. Soja ya san wannan, mun sha yi, ba mu kuma taɓa samun wanda za mu ba haƙuri ba. Har yanzu ban yafe wa Habila ba, kada in yi miki ƙarya. Amma sunan da na kira ta, da zan iya bin kunnen dattawan nan huɗu in ciro shi, da na bi su gida gida.

Maganar littafi na janye. Ki bar sunansa, ki bar masa daddawar, ki bar masa Okigwe. Ban ƙara neman komai a ciki ba.

Saƙon nake roƙo. In zagi ne ki rubuto shi yadda ta faɗa, kada ki rage, na cancanta. In kin ga ba za ki iya rubutawa ba, zan zo Dutse in tsaya a ƙofar gida, ki faɗa da ƙarfi a kunnena na dama, shi ke ɗan ji. Shekarata saba'in da shida. Ba ni da wasu hamsin da zan yi jira.

Kakanki,
Muntaka, wanda ta sani da Markus

*

Dutse, 30 ga Yuni, 2024

Kaka,

Ina gaisuwa. Yaya damina? Mu nan ruwa ya zauna, an gama shuka. Babana ya fara amsa gaisuwata, amma har yau bai koma coci ba.

Mako biyar na bar ka, da gangan wannan karon. Mu'az ya ce kana zuwa tasha. Kada ka zo Dutse. Kada kuma ka ɗauka na huce. Na yi ta juya maganar, sai na ga ɓoye maka saƙon sauƙi ne a gare ka, don za ka ci gaba da zaton zagi ne, ka ce kun yi kunnen doki. Faɗa maka ya fi zafi, shi ya sa zan faɗa.

Ga abin da ta ce, da bakinta da ya karkace, na rubuta a take:

"Ki ce wa Markus na miƙe. Lahadi ta farko na jira wani daga gidansu ya miƙe, ba wanda ya motsa. Ta biyu ma haka. Ta uku ni na miƙe. Na ce ina da magana, mai noman nan wakili ne, mai abin yana raye, ga takardarsa. Mai bishara ya ce ba amarya ake tambaya ba. Baba ya taso ya mare ni a gaban jama'a. Aka sa ni a horon coci wata shida, ina zama a bencin baya, ba na cin jibin Ubangiji, aka ɗaura auren ina cikin horon. Da na ji an gama yaƙi na ce zai zo ko don ya zage ni, in gaya masa. Daga Garki zuwa garinmu tafiyar awa biyu ce a ƙafa. Ki ce masa ban ci amana ba. Shi ne bai zo ya tambaya ba."

Na je Unguwar Marke makon jiya. Mutum biyun nan da ka sa a takardarka na same su, duk sun tuna marin. Ɗayan ya ce har ɗankwalinta ya faɗi. Na ce me ya sa ba su gaya maka ba, suka ce ba ka taɓa tambayarsu ba, su kuma suna ganin ka sani.

Akwai saura kaɗan. Ranar da na gaya mata kana Taura, kafin dattawa su zo, ta sa na ciro mata zanenta mai kyau na wanke na goge, ta ce in ka zo kada ka same ta a na jinya. Gayyatarka ce a takardar da ke jakata. Da zanen muka binne ta.

Ka ce ka janye, ni ban janye ba. Littafin zai fito, ba taro, ba waƙa. Na cire sunan Kaka Habila daga kan soja na sa Markus, shafi ɗaya ban bari ba, kamar yadda ka nema. Na ƙara Lahadi ta uku, na ƙara tashar Garki, da mutumin da ya tambayi mai faci ya koma mota. Zan ba Mu'az kwafi ɗaya ya kawo maka. Na ga in akwai kuskure kakan gani, to ka duba mini wannan babin da kyau.

Jikar Damaris,
Zinariya